Tantin hawan dutse da hunturu: ku duba tagoginsa

Jama'a, masu shirin hawan dutsen Tubkal na Maroko a watan Janairu, kafin ku sayi tanti ku duba ta inda iska take shiga da fita. Da yawa suna neman wanda yake rufe ruf don gudun sanyi, alhali a dutse mai tsayin mita 4,167 abin da ke jiƙa mutum cikin dare numfashinsa ne. Tururin bakinka yana hawa, ya daskare a jikin rufin, da asuba ka ɗan motsa sai ya zubo maka kamar gari. Jakar barci mai gashin tsuntsu kuwa, da ta jiƙe ta daina riƙe ɗumi.

Ku nemi mai rufi biyu, na ciki mai barin tururi ya wuce, na waje mai tare ruwa, da tazara tsakaninsu. Ya zama da taga a sama da wata a ƙasa, don iska ta riƙa ratsawa. Ni dai ba na sayen wanda sai na fita waje zan buɗe tagarsa. Zif ɗin ya kasance daga ciki, mai kamuwa ko da safar hannu. Takalma da jiƙaƙƙun kaya a bar su a 'yar barandar ƙofa.

Dusar ƙanƙara takan toshe tagogin ƙasa cikin dare, sai a farka a kakkaɓe. Kuma don Allah kada a kunna risho a tanti rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.