Kurakuran da ake yi wajen sayen raket ɗin padel

Kwanakin baya wani ƙanena ya shigo gidana a Birni da jakar raket a kafaɗa, baki har kunne. A Maroko ya koyi padel, wasa mai kama da tenis da mutum huɗu ke bugawa a fili mai bangon gilashi, lokacin yana karatu, kuma yanzu duk sanda fatauci ya kai shi Legas ko Dubai sai ya nemi fili ya buga. Ya zaro raket ɗin ya miƙo mini, ya ce: "Yaya, duba, irin na Galán ne." Galán ɗin nan shahararren gwanin padel ne ɗan Spain. Na karɓa na jujjuya shi, na ji duk nauyin ya taru a kai kamar taɓarya. Na ce masa Allah ya sanya albarka, amma da hannun Galán aka haɗo maka? Dariya ya yi. Da ya dawo daga tafiyarsa ta gaba, ko butar shayi da ƙyar yake ɗagawa saboda ciwon gwiwar hannu.

Mu a Damagaram kuskuren sayen raket ya fi mana tsada a kan mutumin Madrid. Shi zai shiga shago, ya gwada biyu ko uku a fili, in bai yi masa ba ya mayar. Mu kuwa saƙo muke bayarwa, ko mu sayo a gurguje ranar da za mu taso. Raket na manyan ƴan wasa yana kai Yuro 300 a Turai, wato kusan jaka 200 a kuɗin sefa, dubu 200 ke nan, ban da kuɗin kawowa. In ka yi kuskure, sai dai ka rungumi ƙaddara.

Kuskuren ƙanena shi ne na farko, kuma shi aka fi yi: sayen sunan gwani. Alejandro Galán yana buga wasa da Adidas, Agustín Tapia da Nox, Arturo Coello da Head, kuma kowane kamfani yana fitar da raket mai ɗauke da sa hannun gwaninsa. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, kullum suna fili, suna da masu kula da lafiyar jikinsu. Kai da kake bugawa sau biyu a mako, ko ma sai tafiya ta kama, hannunka ba zai samu tsakiyar raket a kowane duka ba. Gyaran abin shi ne ka fara da siffa kafin suna.

Siffa uku ce. Akwai zagayayye, wanda cibiyarsa, wato wurin da ƙwallo ke fita da daɗi, take tsakiya kuma tana da faɗi. Yana yafe kuskure, yana taimakon mai tsaron baya. Akwai mai siffar lu'ulu'u, kansa da faɗi, cibiyarsa ƙarama ce kuma tana can sama. Shi ne na masu dukan sama da ƙarfi. Sai na tsakaninsu, mai kamar ɗigon ruwa. Wanda ya wuce matakin koyo kuma yana son raket ɗaya da zai yi masa komai, tsaro da hari, ɗigon ruwa ya kamata ya fara dubawa. Ka tuna da wasanka na ƙarshe: sau nawa ka yi dukan da ya fitar da ƙwallo waje ta saman gilashi, sau nawa kuma ka duƙa a kusurwa kana kwaso ƙwallon da ta dawo daga bango? Yawancinmu na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba. Mai lu'ulu'u a kusurwa wahala ne, domin kafin ka juyo da kansa ƙwallo ta wuce.

Daga nan sai maganar nauyi, inda mutane ke kallon lamba ɗaya su manta da ɗaya. Yawancin raket na manya suna tsakanin giram 355 da 375. Amma raket biyu masu giram 365 daidai suna iya bambanta a hannu kamar dare da rana, saboda inda nauyin ya rinjaya. Gwajin ba wuya: ɗora raket a kan yatsa har ya tsaya bai karkata ba, sannan ka auna daga ƙarshen mariƙi zuwa wurin yatsan. Idan ka samu wajen santimita 26, rinjayen matsakaici ne, shi muke nema. In ya doshi 27, nauyin yana kai, zai ba ka ƙarfi amma zai ci kafaɗa da gwiwar hannu. In ya yi ƙasa da 26 sosai, zai yi saurin juyawa amma dukan sama zai yi sanyi. Wani abin da ba a cika lura da shi ba, yawancin kamfanoni ba sa rubuta nauyi guda, sukan ce misali 360 zuwa 375. Giram goma sha biyar ba ƙaramin abu ba ne bayan awa ɗaya da rabi kana wasa. Saboda haka in za ka ba da saƙo, ka roƙi mai sayo maka ya sa a ɗora ainihin wanda zai ɗauko a kan ma'auni, ya turo maka hoto ta WhatsApp.

Kuma kada ka manta abin da za ka ƙara masa daga baya. Kowane naɗi da ka ƙara a mariƙi yana da ƴan giram nasa, yana kuma janyo rinjaye ƙasa. Tef ɗin kariya da ake mannawa a bakin raket shi kuma yana tura rinjaye sama. Na ga wanda ya sayi raket mai kyau matsakaici, ya lafta masa kariya mai kauri, ya mai da shi mai nauyi a kai, irin wanda ya guje wa tun farko.

Kuskuren da ya fi ba ni dariya shi ne na harafin K. Za ka ji ana gardama a majalisa, wannan ya ce nasa 12K ne, wancan ya ce nasa 18K ne don haka ya fi, kamar zinariya ake aunawa. Lambar nan tana nufin yawan siraran zaren kabon da ke cikin kowace igiyar saƙar da aka rufe fuskar raket da ita: 3K dubu uku, 12K dubu goma sha biyu. Ba makin inganci ba ce. Yadda raket zai ji a hannu ya dogara ga haɗuwar wannan fuskar da robar da ke ciki, wadda galibi EVA ce, mai laushi ko matsakaiciya ko mai tauri. Fuskar zaren gilashi ta fi kabon laushi da arha, kuma ba abin kunya ba ce ga mai ciwon hannu.

A kan robar nan zan ɗan tsaya, domin a nan ne shawarar Turawa ba ta cika yi mana daidai ba. Zafi yana sassauta roba, sanyi yana ƙara mata tauri. Ƙwallo ma ta fi tsalle da gudu a cikin zafi. Raket mai laushi sosai, wanda mai sharhi ya yaba bayan ya gwada shi a sanyin Turai, in ka fito da shi a rana irin tamu sai ka ga ƙwallo tana tashi ba da izininka ba, ka nufi ƙafar abokin hamayya ta tafi gilashi. Mai tauri sosai kuwa yana buƙatar ƙarfin hannu a kowane duka, kuma girgizarsa a gwiwarka take ƙarewa. Ga ƙasashe masu zafi da muka fi bugawa, ni matsakaiciyar roba nake zaɓa, in ma za ta karkata to ta ɗan karkata wajen tauri. Mai tsohon ciwon gwiwar hannu kaɗai zan ce ya sauko wajen laushi, ya kuma ƙara kaurin mariƙi don kada ya riƙa damƙe shi da ƙarfi.

Sai ajiya. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, cikin mota rufaffiya kuwa sai abin da Allah ya yi. Raket da aka bari a bayan mota a bakin kasuwar Dole tun hantsi har la'asar, robarsa za ta saki, kuma yin hakan a kai a kai yana rage masa kwana. Haka ɗakin ajiya mai rufin kwano. Ka ajiye shi a ɗakin da kake kwana, cikin jakarsa, nesa da taga. Lokacin hunturu ka riƙa goge ƙura da ɗan tsumma. Masu fuska mai yashi, da ake saye don murɗa ƙwallo, yashin yana gogewa da amfani, don haka kada wannan kaɗai ya sa ka ƙara kuɗi.

Jabu ma yana nan. Idan aka tallata maka raket ɗin Bullpadel ko Babolat na bana a kan kwatankwacin kuɗin takalmi, ka san akwai lauje cikin naɗi. Hanyar samun sauƙi ta halal ita ce ka nemi fitowar bara. Kamfanonin nan kowace shekara suke sabunta kayansu, sau da yawa fenti ne ya fi canzawa, kuma da zarar sabo ya fito farashin tsohon yake karyewa. Ka duba kuma ma'aunin da hukumar padel ta duniya, FIP, ta amince da shi: tsawo kada ya wuce santimita 45.5, faɗi 26, kauri milimita 38, kuma dole a samu igiyar da ake ratayawa a wuyan hannu. Igiyar nan wasu suna cire ta wai tana damunsu. Doka ta wajabta ta, kuma fili mai mita 20 da 10 da mutum huɗu a ciki ba wurin da raket zai suɓuce ba ne, balle hannu ya jiƙe da gumi.

Ƙanena dai ya samu wani abokin fataucinsa mai ƙirar ƴan kokawa ya karɓi nasa, da ragin kusan jaka 50. Yanzu yana riƙe da mai ɗigon ruwa, fitowar bara, giram 362 kafin naɗi. Ranar da ya kawo shi, kafin ma ya zauna ya ce a miƙo masa tef ɗin awon ɗinki na matata, ya ɗora raket a yatsa ya auna da kansa.