Yadda na gano asalin wani tsohon kwabon 'yan kasuwa

Kwabon ya fito ne daga gwangwanin tsoffin aninai da aka kawo min daga Tudun Wada. Jan ƙarfe ne, ba huda a tsakiya, ba sunan sarkin Ingila. Wannan kaɗai ya raba shi da anini da kwabon Turawa masu huda da aka fara bugawa a 1907.

Datti ya cushe rubutun. Na jiƙa shi kwana uku a ruwan batir sabo, wato tataccen ruwa marar asid, na goge da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Don Allah kada a sa lemun tsami ko toka, suna cinye rubutun, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Da ya bushe na haska tocila daga gefe, kusan a kwance. Nan inuwa ta fito da jirgin ruwa mai filafilai, da 1/8 (na kwabo), da 1/400 (na dala), wato darajarsa, da lambobin Larabci 1274. Shekarar Hijira ce: a ninka da 0.97, a ƙara 622, za ta faɗa tsakanin 1857 da 1858. A ɗaya fuskar kuma LAIRD da SPERO MELIORA, taken Latin mai nufin "ina fatan abin da ya fi".

Macgregor Laird ke nan, ɗan kasuwar Sikotilan da jiragensa ke ciniki a kogin Kwara a wancan zamani. Kuɗin kamfani ne, ba na gwamnati ba. Kafin in gamsu sai da na kara masa mayen ƙarfe, bai kama ba, na kuma duba gefensa, babu layin da zubin jabu ke bari.