Kafin ka ce ayisi ne jabu: kurakuran da muke tafkawa wajen haɗa amfilifaya

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ɗan yayata ya taso tun daga Shara Mansur a Makka ya same ni nan Jidda da wata leda a hannu, ko gaisawa bamu gama ba ya zazzage min ayisi huɗu, wato IC ɗin nan masu ƙara ƙarfin sauti, a kan tabarma, duk TDA2030 ne, biyu sun tsage ta fuska, ɗaya ma har ƙafarsa ta yi baƙi. Yace "Kawu wallahi mutanen nan jabu suke sayar mana, huɗu kenan na sa duk sai su yi ɗan waƙa su mutu." Nace to kawo bod ɗin da taransifomar mu gani. Taransifomar a jikin wata tsohuwar rediyo ya cire ta, wadda ya tsinta a Haraj Sawarik, kasuwar gwanjon nan ta Jidda, a jikinta an rubuta 18-0-18. Na sa mita a bakin manyan kafasita biyun masu tara wuta, ta nuna bolt 25 ta nan 25 ta can. Nace ɗana, an bar jaki ana dukan taiki, ko ayisi ɗari ka sa haka zasu bi juna.

Abin da yasa na ga ya kamata in yi wannan rubutun kenan, don yawancinmu masu wannan sha'awar ta haɗa amfilifaya a gida da zarar abu ya ƙi sai mu ɗora wa ayisi laifi mu koma kasuwar Balad mu sayo wani, alhali a abin da ni dai na gani a shekarun nan ayisi shi ne na ƙarshe da ya kamata ka tuhuma.

Lissafin da yaron ya tsallake ba shi da wahala. Lambar da aka rubuta a jikin taransifoma ta wutar AC ce, in ta bi ta dayod ta shiga kafasita ta zama DC sai ta ninku da kusan 1.4, wato 12 ta koma wajen 16 zuwa 17, 18 ta koma wajen 25, 24 kuwa ta kai 33. Shi kuma TDA2030 iyakar abin da zai iya ɗauka 18 ne ta kowane gefe, mai A a ƙarshe wato TDA2030A ya kai 22, TDA2050 ya kai 25 amma kaga nan ma ka tsaya a bakin gaɓa ne. To ka ba shi 25, me kake jira in ba hayaƙi ba. Gyaran hanya biyu ne, ko ka nemo taransifoma 12-0-12 ka bar ayisinka, ko ka bar taransifomar ka sa LM1875 wanda ƙafafunsa biyar jeri ɗaya ne da na TDA2030 kuma 25 ɗin nan ita ce abincinsa. Sai dai ka duba kafasita ɗinka, in na 25 bolt ne ka cire su ka sa na 35 ko 50, don kafasita in aka matsa mata ko aka juya mata ƙafa kumbura take yi ta fashe, warinta kuwa sai ya kwana biyu a ɗaki.

Akwai kuma wata matsala da ta fi damun mu mazauna nan. Tsofaffin gidajen Jidda da Makka da yawa har yanzu wuta iri biyu ce a ciki, wani soket 127 wanda muke ce wa miya wa ashara (110), wani 220, kuma wani lokacin kamanninsu ɗaya babu ko alama. Tun 2010 gwamnati ta yanke a koma 230 amma tsofaffin gine-gine ba a gama sauya musu ba. Kayan haraj kuma da yawa na 110 ne. Ka cire taransifoma a jikin irin wannan ka cusa ta a 220 ba sai na faɗa maka ba. In kuma ta 220 ce ka sa a 127 babu abin da zai ƙone, sai dai sautin ya fito a shaƙe kamar mai mura, ka zauna kana canza razista kana zargin bod alhali rabin wuta kawai yake samu. Ka auna soket ɗin da kanka, kada ka yarda da maganar mai gida.

Yanzu ga abin da na fi so kowa ya ɗauka ko da shi kaɗai ne, kwan gwaji. Ka nemo kwan fitila irin na da mai zare a ciki, wat 60 ko 100, ba LED ba don shi baya wannan aikin, ka yanka waya ɗaya ta fish, wato fulogi, ka sa kwan a tsakani yadda wutar sai ta ratsa ta cikinsa kafin ta isa taransifoma. Duk sabon haɗi ko wanda ka gyara ta nan zaka fara kunna shi, ba tare da ka jona sifika ba. In lafiya lau ne zaka ga kwan ya yi walƙiya sau ɗaya lokacin da kafasita ke cika sannan ya dushe ya koma ja-ja ko ya mutu gaba ɗaya. In ya tsaya da haske tar to akwai inda waya ta haɗe, kashe ka duba, kwan ya shanye dukan da ayisi zai sha. Kwan nan yanzu ya fara wahalar samu a mahal, wato shago, saboda kowa ya koma LED, ni guda uku na ɓoye a kwali ko maiɗakina ban bari ta san inda suke ba. Bayan kwan ya dushe sai ka juya mita zuwa DC ka auna bakin da sifika zata shiga, ya kamata ka ga kusan sifili, in bai wuce milibolt 50 ba ka wuce abinka. In ka ga bolt 5 ko 15 a wajen kada ka kuskura ka jona sifika, koyil ɗinta zai gasu kana kallo. Ni ma haka na rasa wata wufa, wato babbar sifikar bes, inci goma da na yi wata biyu ina tara mata riyal, na jona kafin in auna, ta yi wani "buf" takardar ta turo waje ta tsaya a haka, kafin in kai hannu fish wari ya tashi.

Sai maganar hitsink, wato alminiyon nan mai haƙora da ake ɗaure ayisi a kai. Kuskure na farko shi ne gwadawa ba tare da shi ba wai ai minti ɗaya ne kawai, na biyu shi ne sa ɗan ƙarami saboda haka ka gani a bidiyo. Wanda ya yi bidiyon watakila a ƙasar sanyi yake, kai kuma kana ɗakin saman bene a Jidda a watan Yuli mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace, iskar da zata sanyaya ƙarfen ita kanta ta haura 40. Ka ninka girman da ka gani, ka huda akwatin sama da ƙasa, in da hali ka sa ƙaramar fankar kwamfuta mai 12. In ka ɗora yatsa a kan hitsink baka iya ƙirga biyar ba to ya yi kaɗan. Amma wanda ya fi cin mutane shi ne na uku, ƙarfen bayan TDA2030 da LM1875 da TDA7294 ba giraun, wato layin sifili na wutar, ba ne, a haɗe yake da layin nagatib. Ka ɗaure shi kai tsaye a hitsink, hitsink ɗin kuma ka ɗaure shi a akwatin ƙarfe da ke haɗe da giraun, shikenan ka haɗe nagatib da giraun da hannunka. Dole a sa maika, wato siririn fallen nan da ke hana wuta ratsawa, a tsakani, da ɗan robar nan da ke shiga ramin kusa, a shafa farin man nan mai ɗauke zafi siriri ba a lafta kamar ana shafa wa burodi ba, sannan ka auna da mita tsakanin bayan ayisi da hitsink ka tabbatar basa ji da juna. LM3886 mai TF shi a rufe bayansa yake da roba, baya buƙatar maika.

Ƙugi kuma iri-iri ne, kuma kunnenka zai gaya maka inda zaka duba in ka saurara. Ka fara haɗe bakin shigar sauti da giraun. In ƙugin ya ɗauke to daga waje yake shigowa, galibi wayar shigar sautin ce ba mai raga ba ko ta bi ta gefen taransifoma, ko kuma waya tana caji kana kunna waƙa da ita, cire cajar ka ji. In bai ɗauke ba to cikin gida ne, ko kafasitan tace wuta sun yi kaɗan ko sun bushe, mutum ya sa 1000uF inda ake son 4700uF, ko kuma giraun ɗin ne aka yi masa jerin gwano daga wannan zuwa wancan. Duk wayoyin giraun wuri ɗaya ya kamata su haɗu, kusa da tsakiyar manyan kafasita biyun, kowa da wayarsa. Akwai kuma wanda ba ka ji ma sosai, sai dai ayisi ya dinga zafi babu waƙa ko sautin ya dinga tsatsa in ka ƙara murya, wannan yawanci ka tsallake ƙananan kafasita 100nF masu lamba 104 ne wai basu da amfani, ko ka sa su can nesa. A gindin ƙafar wutar ayisi ake manna su. Haka razista da kafasitan nan da ke bakin fitar sauti, a LM386 om 10 ne da 0.047uF a ƙafa ta 5, mutane na raina su su cire, sai abin ya koma yana fito kamar buta.

Wajen sifika abu biyu zan ce. Sifika biyu masu om 4 in ka haɗa ja da ja baƙi da baƙi sun koma om 2, yawancin ayisin nan basa ɗauka. Kuma in ka auna mai om 4 ka ga 3 da ɗoriya, ko mai om 8 ka ga 6 da wani abu, lafiyarta ƙalau haka suke nunawa. Na biyun ya shafi ƙananan bod ɗin nan da ake saya a haɗe irin PAM8403 da TDA7297 da TPA3116, baƙar wayar sifikarsu ba giraun ba ce, ita ma sauti take ɗauke da shi, in ka haɗe baƙar hagu da ta dama wuri ɗaya don tsimin waya ko ka taɓa ta da jikin akwati ka gama da bod ɗin. PAM8403 kuma ɗan 5 bolt ne, na ga wanda ya ba shi batirin mota.

Su kuma masu rubuta wat 1000 a jikin bod mai cin 12 bolt, Allah ya shirye su. Da 12 bolt a kan sifika mai om 4 abin da zaka samu tsaftatacce bai wuce wat 4 zuwa 5 ba, in birij ne, wato duka wayoyin sifikar biyu na ɗauke da sauti, ya kusa 18, iyakarta kenan sai in akwai abin da ke ɗaga wutar a ciki kamar na manyan amfilifayan mota. In ka matsa masa bolyum ya wuce ƙarfinsa sautin ya fara fashewa, tuwita, wato ƙaramar sifika mai siririn sauti, ce ke fara tafiya.

Dalma ma na da nata. Nan bakin teku ne, danshi da gishiri na sa ƙafafun kaya da tagullar bod su dushe, in baka kankare ba dalmar sai ta dunƙule a kai kamar ƙwallo bata kama ba, yau ya yi gobe ya ɗauke sai ka buga akwatin ya dawo. Kawiyar, wato ƙarfen dalma, zaka ɗora a kan ƙafar da tagullar tare su yi zafi sannan ka kawo dalmar, ba ka narka ta a bakin kawiya ka ɗiga ba. Kuma kafin ka sa hannu a bod ɗin da ka kashe yanzu ka sauke wutar manyan kafasita da razista, kada ka haɗe su da sukundireba, bakin nawa har yau da tabon. Gefen 220 kuwa ka sa fiyus ka rufe ko'ina da tef, akwai yara a gida.

Ban ce babu jabu ba fa, akwai, musamman taransista 2SC5200 da 2SA1943 da ake bugawa da sunan Toshiba, araha bata ado, in ka fasa na jabun zaka ga ɗan abin da ke ciki ƙanƙani ne. Amma ka gama auna wuta da zafi da giraun tukun kafin ka je kana faɗa da mai shago a mahal. Masu haɗawa su aika gida tsaraba kuma su tuna wutar nan 60 take bugawa a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50 ce, taransifomar da aka naɗa don 60 kaɗai zata fi zafi a can, ka duba wadda aka rubuta 50/60 a jiki.

Shi dai ɗan yayar tawa kafin magariba mun cire kafasitansa na 25 mun sa na 35, na ba shi LM1875 biyu cikin nawa, muka sa maika, muka kunna ta kwan. Ya yi haske ya dushe. Hannunsa har ya kai kan wayar sifika nace a'a ɗauki mita tukun, ya auna ya ɗago yace "Kawu 12 take nunawa," nace bolt ko milibolt, ya sake leƙawa yace mili. Nace to jona. Bayan isha'i ya naɗe abinsa a tawul ya kama hanyar Makka, ya kuma tafi min da kwan gwaji ɗaya, saura biyu a kwalin.