Ga masu kawo mara lafiya Indiya dashen ɓargo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan duk wata sai an kira ni a waya an ce ga wasu sun sauka Delhi daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da mai sankarar jini, za a yi masa dashen ɓargo. In na je wurinsu, sai in tarar tikitin komawa na mako shida suka yanka. Duk wanda ya ce muku mako shida ya isa, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa dillali ne mai cin kamasho a kan kowane mara lafiya da ya kai asibiti.

Dashen ɓargo ba tiyata ba ce, ba a yanka kowa. Ana ba mara lafiya magunguna masu ƙarfi su kashe ɓargonsa, sannan a ɗura masa sababbin ƙwayoyin da ke haifar da jini ta jijiya, kamar ƙarin jini. Wannan rana likitoci ke kira ranar sifiri, daga ita ake fara ƙirga. Sabon ɓargon yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya kama, kuma idan daga jikin wani aka ɗauko, za a ce ku zauna kusa da asibiti har kwana 100. Kafin nan ma sai an danne cutar da magani tukuna. Ku yi lissafin wata huɗu zuwa shida, na kuɗi da na haƙuri. Wanda za a mayar masa da ƙwayoyin jikinsa, kamar yadda aka fi yi wa masu myeloma, wani nau'in sankarar ɓargo, zamansa ya fi gajarta.

Gwajin HLA shi ne ke nuna wanda ɓargonsa ya dace. Ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar ya dace gaba ɗaya kashi 25 ce cikin 100, don haka a gwada su duka tun kuna gida. A gidajenmu masu 'yan uba da yawa mutane kan ɗauka kowane ɗan'uwa zai yi, alhali ba haka ba ne. In ba a samu ba, yanzu ana yi da uwa ko uba ko ɗa, waɗanda rabi suka dace. Kada ku dogara da rumbunan masu ba da ɓargo na duniya, baƙar fata kaɗan ne a cikinsu. Mai bayarwa kuwa galibi allura ake yi masa kamar kwana biyar, a haɗa shi da na'ura na wasu awoyi, ya tashi da ƙafarsa. Na ga yayan wani yaro ya janye a ranar ƙarshe saboda an ce masa ba zai ƙara haihuwa ba, kuma wannan magana ba ta da tushe.

Biza ba ta ba ni wahala ba. Asibiti zai turo wasiƙar gayyata, mara lafiya ya samu bizar jinya, masu rakiya har mutum biyu su samu tasu. Ku tabbata sunan mai ba da ɓargon yana cikin wasiƙar, kowa kuma ya riƙe katin rigakafin shawara. Layin waya, naman halal da masallaci duk za a nuna muku cikin kwana biyu.

Inda ake shan wuya shi ne gidan haya, domin gidan da takardunku a ɗaure suke da juna. Doka ta ce duk wanda ya saukar da baƙo ɗan wata ƙasa, otal ne ko mai gidan haya, sai ya cika Form C ta intanet cikin awa 24. Idan bizarku ta wuce kwana 180, za ku yi rajista da ofishin baƙi, FRRO, cikin kwana 14 da sauka. In kuma jinya ta ja, wannan ofishin ne zai tsawaita bizar, kuma zai nemi wasiƙar likita da shaidar inda kuke zaune. Masu gidaje da yawa ba sa son cika fom ɗin. Za su karɓi kuɗinku da fara'a, su ce gobe, goben ba ta zuwa. Lokacin da na kawo ƙanena, mai gidan da muka kama ya karɓi hayar wata biyu da kuɗin ajiya, ya yi ta ja mana rai har bizar ta kusa ƙarewa. Ƙanena na kwance a ɗakin keɓewa, jininsa ya yi ƙasa, ni kuwa ina bakin ƙofar wani mutum ina roƙonsa ya sa hannu a takarda. A ƙarshe barin gidan muka yi, kuɗin ajiyar kuma har yau. Yanzu ina ganin mutane suna faɗawa wannan ramin ɗaya bayan ɗaya, bayan an gaya musu, don kawai gidan ya fi araha da 'yan kuɗi kaɗan.

Kada kwabo ya fita daga hannunku sai mai gida ya cika Form C a gabanku ya ba ku kwafi. A rubuta yarjejeniyar haya, wadda a nan aka saba yi ta wata 11, a sa a ciki cewa za ku iya tashi da sanarwar wata ɗaya, a rubuta yadda za a maido da kuɗin ajiya. A gaya masa tun farko kuna dafa nama, domin akwai gidajen da ba a yarda da shi ba. Wasu za su ƙi ku da zarar sun ga fatarku, kada ku tsaya musu, ku wuce gaba. Neman tsawaita biza kuma a fara shi tun da sauran makonni. Wanda ya bari ta mutu zai biya tara, kuma ba zai hau jirgi ba sai ya samo takardar izinin fita, ko da gawa yake rakiya, Allah ya kiyaye.

Shi kansa gidan a dube shi da idon likita. Bangon da ya jiƙe ya yi baƙi-baƙi lokacin damina, gini da ake yi a maƙwabta yana tayar da ƙura, kashin tattabaru a baranda, duk suna ɗauke da ƙwayoyin fumfuna masu kama huhun wanda garkuwar jikinsa ta faɗi. Daga Nuwamba zuwa Janairu iskar Delhi hayaƙi ce, bayan damina kuma sauro mai kawo zazzaɓin dengue yana yawa. Gidan ya zama wanda za ku isa asibiti daga shi cikin rabin awa ko da tsakar dare, domin idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius ba a ba shi farasitamol a jira gari ya waye, asibiti ake nufa nan take. Haka nan ƙuraje, gudawa ko idanu su yi rawaya, suna iya zama alamar sabon ɓargon ya fara yaƙar jikin.

Ina alfahari da mutanenmu a nan. Ɗalibai da 'yan kasuwa suna zuwa filin jirgi tarbar wanda ba su taɓa gani ba, suna yin tafinta, suna haɗa kuɗi idan aljihu ya ƙare. Amma wannan zumuncin sai an yi masa linzami. Dubiya a taru mutum goma a ɗaki ana musabaha tana iya kashe wanda aka yi wa dashe. A gaishe shi ta waya. Kilishi, yaji, fura da nono, ɗanyar zuma da kuka cika jaka da su, masu jinya su ci abinsu, shi dafaffen abinci mai zafi da tafasasshen ruwa ne nasa. Jiƙe-jiƙe da garin magani da aka haɗo ku da su daga gida kada su shiga bakinsa sai likita ya sani, saboda suna iya rikita aikin tacrolimus ko cyclosporine, magungunan da ke hana ɓargon yaƙar jikinsa.

Kafin ku koma, ku karɓi cikakken rahoton sallama da lambar da za a riƙa samun likitan, ku sayi maganin da zai kai ku watanni, domin ba kowane kantin magani ke da shi a gida ba. Tun kuna nan ku nemi likitan jini da zai karɓe shi, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ko wanda ya fi kusa da ku, ku tura masa rahoton. Ku tambayi likitan nan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ya dace da sauran magungunansa, da jadawalin rigakafi, domin alluran da aka yi masa tun yana yaro sai an sake su daga farko.