Kurakuran Riƙon Sandar Golf da Yadda Ake Gyara Su

Sabon ɗan wasa in ƙwallonsa ta yi ta karkata dama, sai ka ga yana gyara tsayuwa, yana ƙara ƙarfin bugu, wani har sabuwar sanda yake saye. Galibi kuwa ɓarnar a hannu take, tun kafin a ɗaga sandar. Bayanin nan na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya shi.

Kuskuren da na fi gani shi ne damƙe sanda a tsakiyar tafin hagu. Ban ga laifin kowa ba, hannun da ya saba da ƙotar fartanya ko gatari haka zai kama komai. Amma sandar golf a yatsu take zama. In ta shige tafi, wuyan hannu ya ƙage, ba zai lanƙwashe yadda ya kamata ba, kan sanda ya rasa gudu, ƙwallo ta ƙi nisa. Ka kwantar da mariƙin a karkace, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa gaɓar tsakiya ta manuniya, sannan ka rufe hannu, tudun tafin da ke ƙasan ƙaramin yatsa ya hau samansa ya danne. Ga gwaji mai sauƙi: ka miƙa sandar gabanka, ka saki sauran yatsu, ka bar manuniya da tudun nan kaɗai. In ta tsaya, ka dace. Safar hannunka ma shaida ce, in kullum a kan tudun take hujewa, sandar na zamewa a tafi.

Sai juyin hannu. Ka tsaya kamar za ka buga, ka dubi bayan hannun hagunka. Gaɓoɓin gindin yatsu nawa ka gani? Biyu zuwa uku ake so. In ɗaya ce, hannun ya yi hagu da yawa, fuskar sanda, wato gefen kanta da ke bugun ƙwallo, za ta iso ƙwallo a buɗe, tana kallon dama, ita ce karkatar daman da ke cin ran masu koyo. In huɗu ne, fuskar za ta rufe, ta kalli hagu, ƙwallo ta nausa hagu ƙasa-ƙasa. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, a hannayen biyu, ta nuna tsakanin haɓa da kafaɗar dama.

Matsewa da ƙarfi kuma tsoro ke kawo ta, mutum na gudun kada sanda ta suɓuce. Sam Snead, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, ya kwatanta riƙon da ya dace da riƙon ɗan tsuntsu: kada ya tsere, kada ka murƙushe shi. Jijiyoyin hannunka in sun tashi, ka sassauta. Yatsu uku na ƙarshe a hagu su ke da aikin riƙo.

Wasu kan bar rata tsakanin hannayen, kowane na jan nasa. A haɗe su. Hanya uku ce: ko ƙaramin yatsan dama ya kwanta tsakanin manuniyar hagu da yatsan tsakiya, riƙon da ake kira da sunan Harry Vardon, wanda ya ci Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, sau 6 tsakanin 1896 da 1914, ko a sarƙe ƙaramin yatsan da manuniya, kamar yadda zakarun golf Jack Nicklaus da Tiger Woods ke yi, ko yatsu goma duka su hau mariƙi, abin da ya fi sauƙi ga yara da masu ciwon gaɓoɓi. A ganina ba a nan ya kamata mai koyo ya ɓata lokaci ba. Ya zaɓi wanda ya zauna masa, ya mayar da hankali kan hannun hagu.

Kada a kama can ƙarshen mariƙi, a bar kamar santimita 1 a waje. Robar mariƙin ma a duba ta. Mai wasa a Kano ko Kaduna ya san yadda ƙurar hunturu da zafin bazara ke sa ta santsi, santsin kuma shi ke sa matsewa. A wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, in ta taurare a sauya.

Sabon riƙo zai yi maka baƙo, ƙwallo ma tana iya ƙara lalacewa a kwanakin farko, a nan da yawa suke komawa gidan jiya. Ka ajiye sanda ɗaya a ɗaki, kullum ka ɗauka ka saki sau 20 a gaban madubi. A fili kuma, bayan kowane bugu ka cire hannu gaba ɗaya, ka sake ɗora hagu tukuna, sannan dama.