Darasi na 9: Idan Yara Sun Zo Kwana a Lokacin Dogon Hutu

A mafi yawan makarantun Arewacin Najeriya dogon hutu yakan fara ne daga ƙarshen watan Yuli ya kai cikin Satumba, a Nijar kuwa yakan zarce har zuwa farkon Oktoba. A wannan lokaci ne ake tura yara gidan kaka, ko gwaggo, ko kawu, su yi 'yan kwanaki domin su saba da 'yan'uwansu, tun da an ce zumunci a ƙafa yake. Gidan da ke da yara uku sai a wayi gari yana da takwas, daga ɗan shekara 6 har zuwa 'yar shekara 12, kowa da halinsa da irin tarbiyyar gidansu. Abin da ake yawan gani yanzu shi ne a miƙa musu waya ɗaya su haɗa kai a kanta har dare ya raba, babba kuma ya tafi sabgarsa. Wannan darasi zai nuna yadda uwar gida ko maigida za su tsara yammacin yaran da darensu da abubuwan da ke cikin gida, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: dole a sami babban mutum guda da ya ɗauki nauyin zama da su.

Kafin yara su iso

Ku ɗauki littafinku na rubutu ku buɗe sabon shafi. Ku rubuta sunan kowane yaro, da shekarunsa, da lambar wayar mahaifinsa ko mahaifiyarsa, sannan ku bar fili a gaban kowane suna domin abin da iyayen za su faɗa muku. Ku tambaye su ko yaron yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko yana shan wani magani a kullum, ko akwai abincin da jikinsa ba ya karɓa. Ku tambaya kuma, a keɓe, ko yana fitsarin kwance. Iyaye da yawa suna jin nauyin ambaton wannan, alhali kuwa abu ne da ke samun yara masu lafiya, kuma idan kun sani tun da wuri za ku shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zane, ku tashe shi ya zaga kafin ku kwanta, ba tare da sauran yara sun gane sun mai da shi abin tsokana ba.

Daga la'asar zuwa magariba

Yaron da ya yi guje-guje da yamma ba ya wahalar barci. Idan ba a yin ruwa, a bar maza su yi langa a ƙofar gida, 'yan mata kuma su yi gaɗa ko carafke a tsakar gida. Idan hadari ya taso, dara ce ta fi dacewa, domin ana iya yin ta a zaure. Ana haƙa gurabe 30, wato layi 5 masu gurbi shida-shida, ko a zana su da gawayi a kan kwali. Kowane ɗan wasa yana riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da tsinke, su riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, daga nan a fara matsawa. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin wasansa. Yaro ɗan shekara 9 yakan kama dokar a zama ɗaya, kuma wasan yana koya masa ya yi tunani kafin ya motsa hannu.

Kara bai bushe ba a damina, saboda haka dokin kara da motar kara sai an shiga lokacin kaka. Amma laka tana ko'ina, kuma ƙananan yara za su iya shafe sa'a guda suna gina shanu da tukwane da ita. Wurin da ba a yarda su je ba shi ne kududdufi da ramin da aka haƙi ƙasar gini, domin a wannan lokaci sun cika maƙil, yaro baƙo bai san zurfinsu ba, kuma a irin wannan ruwan kwance ake ɗaukar tsargiya.

Girki ma wasa ne a wurin yara, in dai an ba su aikin da ya yi daidai da shekarunsu. Sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa suna shigowa kasuwa a watan Agusta da Satumba. Ƙanana su ɓare masara su wanke gyaɗa, manya su gasa a gaban babba. 'Yan shekara 11 da 12 za su iya kwaɓa ɗanwake, su auna garin da kuka da ruwan kanwa da kansu, amma jefawa cikin tafasasshen ruwa da soya mai aikin uwar gida ne. Idan 'yan mata sun nemi ƙunshi, a kwaɓa musu lalle na ganye. Kada a sa wa yarinya baƙin rinin gashi da ake kira dayis a fata, domin yana ƙona fatar wasu, ya bar tabo.

Bayan sallar isha

A nan ne daren yake da armashi, kuma a nan ne aka fi bukatar babba. A shimfiɗa tabarma, a ajiye waya a ɗaki, wanda ya fi kowa shekaru ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa da "Ta zo mu ji ta." Kakanninmu sukan ce wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata, kuma hikimar maganar a fili take: rana ta aiki ce, dare na hira. Babu laifi idan abin da kuka riƙe bai wuce labari biyu na Gizo da Ƙoƙi ba. Ku faɗe su a natse, ku canza murya idan Kura ta shigo, ku bar yara su riƙa amsa waƙar da ke ciki. Idan kun kai tsakiyar labarin, ku tsaya ku tambaye su abin da suke zaton Gizo zai yi. Amsoshin da za ku ji za su nuna muku mai wayo, da mai tausayi, da wanda ke jin kunyar magana yana bukatar a ja shi a jiki. Tatsuniyar Dodo kuwa a ajiye ta idan akwai ɗan shekara 6 a wurin, domin yaron da ke kwana a baƙon ɗaki, nesa da mahaifiyarsa, ya riga ya zo da nasa tsoron.

Daga nan sai a ba kowane yaro dama ya yi tasa. Yaran da suka zo daga wani gari sukan kawo salon da na gida ba su taɓa ji ba, kuma a ganina wannan musayar ita ce babbar ribar ziyarar. Kada a katse yaro don ya rikita labari. A bar shi ya kai "ƙurunƙus" da kansa.

Kacici-kacici ya fi tatsuniya tara hankalin 'yan shekara 10 zuwa 12, waɗanda suka fara ganin kansu sun girma. A fara da sanannu, kamar "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," wato tsintsiya, da "Baba na ɗaka, gemu na waje," wato wuta da hayaƙi, da "Rawanin baba ya gagari naɗawa," wato hanya. Bisa al'ada, wanda ya kasa amsawa yakan ba mai tambaya gari kafin a faɗa masa amsar. Ku ƙara doka guda: duk wanda ya ba da gari sai ya faɗi jihar da garin yake, kuma ba a maimaita garin da aka riga aka bayar. Kafin a tashi, yara sun ji cewa Daura a Jihar Katsina take, Argungu a Jihar Kebbi, Haɗeja a Jihar Jigawa, Maraɗi da Damagaram kuma a Jamhuriyar Nijar. A rufe da karya harshe, kamar "Turmi ture kura, kura ture turmi," a ga wanda zai faɗa sau biyar da sauri bai yi tuntuɓe ba.

Ku da kuke koyon karatu yanzu, kada ku ɓoye wa yara littafinku. Ku ce wa 'yar aji biyar ta faɗi kacici-kacici ku rubuta, sannan ta duba ko kun sa lanƙwasa a kan ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ba ya rage girman babba. Yaron da ya ga kakarsa tana riƙe da fensir ba zai raina makaranta ba.

Shimfiɗa da barci

Masana lafiyar yara sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12 a kowace rana, saboda haka idan za a tashe su sallar asuba, bai kamata hira ta wuce ƙarfe 9 ba, a kuma bar su su ƙara kwantawa da hantsi ko bayan azahar. Maza ɗakinsu daban, mata ɗakinsu daban. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, kuma ƙuncin ɗaki ba hujja ba ne, domin kowa zai iya samun tabarmarsa da mayafinsa. Kada a haɗa ƙananan yara ɗaki ɗaya da samari ko wani baƙo babba, ko da ɗan'uwa ne na jini. A gaya wa kowane yaro inda uwar gida take kwana, a kuma tabbatar masa cewa zai iya buga mata ƙofa a kowane lokaci ba tare da an yi masa faɗa ba.

Damina ce lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara, don haka kowane yaro ya kwana a cikin gidan sauro, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Idan jikin yaro ya yi zafi, a sanar da iyayensa a kai shi asibiti a yi gwaji, kada a tsaya ba shi ragowar maganin wani. Kyandir da fitilar kananzir ba sa kwana a kunne a ɗakin yara; tocila ko fitila mai caji ta wadatar. Janareto kuma a ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa, haka nan kada a shigar da garwashin gawayi ɗaki a rufe, saboda iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba.

Aikin wannan mako

Ku rubuta tsarin yini ɗaya na yara shida da za su zo muku kwana, ku sa lokaci a gaban kowane abu tun daga ƙarfe 4 na yamma har zuwa ƙarfe 9 na dare. Ku lissafa masara nawa za ku saya idan kowane yaro zai ci biyu, da gidan sauro nawa kuke bukata idan huɗu mata ne, biyu maza, kuma kowane gida yana ɗaukar ƙananan yara biyu. Daga ƙarshe ku je wurin wata tsohuwa a unguwarku ta ba ku kacici-kacici uku da ba su cikin wannan darasi, ku rubuta su da amsoshinsu, ku kawo aji a karanta.