Babi na Bakwai: Burodin Kitso da Abin da Aka Rubuta a Bayan Ledarsa

Darasi na 1

Sannunku da ƙoƙari, iyaye da 'yan'uwa. Yau kowa ya ajiye ledar burodin da na ce a sayo a gabansa. Sunansa Hefezopf. Hefe shi ne yis, Zopf kuma kitso, don haka mu a aji za mu riƙa ce masa burodin kitso. Ku duba, an tufke shi gida uku kamar kitson yarinya. Jamusawa, musamman na kudu irin su Bayern da Baden-Württemberg, suna cin sa da safiyar Lahadi da lokacin bikin Ista, kuma a nan Hamburg ma ba ya wuyar samu.

Da farar fulawa ake yin sa, da madara, da bota, da sukari, da ƙwai, da yis, da ɗan gishiri. Wani ana zuba masa zabibi. Yana ba da ƙarfi, kuma madara da ƙwai suna ƙara masa abin gina jiki. Amma an cire dusar alkamar, shi ya sa ba ya riƙe ciki kamar baƙin burodin da suke kira Vollkornbrot.

Yanzu juya ledar. Nemi ɗan akwati mai layi-layi, an rubuta Nährwerte a samansa, wato bayanin sinadaran abincin. Kada ka karanta komai tukuna. Ɗora yatsanka a saman lambobin. Za ka ga "pro 100 g" ko "je 100 g". Ma'anarsa: a cikin kowane giram 100. Duk lambar da ke ƙarƙashin wannan rubutu ta giram 100 ce kawai, ba ta burodin gaba ɗaya ba.

Mu sake. Lambar ta giram nawa ce? Giram 100.

Mu ɗauka a layin Brennwert, wato ƙarfin da abincin ke ba jiki, an rubuta 310 kcal (kalori ke nan), domin irin wannan burodi yakan kama kusa da 300. Lambobi biyu ne a layin, babba mai kJ da ƙarama mai kcal. Ƙaramar muke so. To burodinka giram 500 ne, an rubuta a gaban leda. Ɗari nawa ne a cikin 500? Biyar. 310 sau biyar, 1,550 ke nan. Babban mutum kuwa ana yi masa kiyasin 2,000 a yini guda.

A makon jiya wata Hajiya, mai fama da ciwon suga, ta ce min, "Malama, ai 12 kawai aka rubuta a sukarin, na cinye rabi da shayi." Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, 12 ɗin ta giram 100 ce. Rabin burodin giram 250 ne, wato sukari giram 30, kusan ƙwaya goma na sukarin shayi, ban da wanda kika zuba a kofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba mai lafiya, ballantana ke.

Ba laifinta ba ne, kowa a nan yake tuntuɓe. Saboda haka mu sake. Yatsa a sama. "Pro 100 g." Faɗi da ƙarfi: giram ɗari. Yanka yanki ɗaya, ɗora a sikeli. In ya nuna 50, rabin ɗari ne, sai ka raba kowace lamba biyu: 310 ta koma 155, 12 ta koma 6. Ka ga kuwa ba wuya. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma zan faɗi gaskiya. Wannan ne karo na uku da nake koyar da shi, kuma har yanzu akwai masu tsallake layin sama su faɗa kan lambobi. Wasu ko ledar ba su kawo ba. Haba jama'a! Lafiyar jikinku ce fa, ba tawa ba. Wanda ya manta yatsansa a sama gobe, shi zai tashi ya maimaita wa aji: lambar ta giram 100 ce.

Darasi na 2

Kwafi waɗannan a littafinka sau biyar-biyar. Fett: maiƙo. Kohlenhydrate: abinci mai ba da ƙarfi, kamar fulawa. Davon Zucker: sukarin da ke ciki. Eiweiß: abin gina jiki. Salz: gishiri. Bajamushe da waƙafi yake raba lamba, in ka ga 8,5 takwas da rabi ne, ba 85 ba. Duk na giram 100 ne.

Darasi na 3

Nemi Zutaten, jerin kayan haɗi. Abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In ka ga Rum ko Alkohol, akwai giya, wani lokaci a cikinta ake jiƙa zabibin. A zo da leda ranar Talata.